KAFASITA MAI WARKAR DA KANTA

A bazarar bana fankar ɗakin kwananmu ta yi sanyi, tana juyi kamar ba ta so, ga zafi, ga jarrabawa ta matso. Da mai gyaran lantarki ya zo, sai ya ciro wani ɗan abu baƙi kamar kwalin ashana, ya sa sabo, nan take fanka ta kama gudu. Na roƙe shi tsohon, na kai wa malaminmu na kimiyya. Abin da na koya shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunan abin kafasita, masu gyara kuwa suna ce masa kwandansa. Aikinsa shi ne ajiye cajin lantarki. A fanka, shi ke sa wutar da ke shiga naɗin waya na biyu ta saɓa lokaci da ta na farko, wannan saɓani ne ke juya inji.

Malam ya fara haɗa ƙafafunsa biyu domin ya sauke sauran caji, sa'an nan ya fasa. A ciki muka tarar da leda biyu an naɗe su tare kamar tabarma. Ledar ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. An shafa wa kowace alminiyam ko tutiya, kaurin shafen bai kai kashi 1 cikin 10,000 na milimita ba. Ƙarfen ke ɗaukar caji, leda kuwa ta hana gefen biyu haɗuwa.

To, babu ledar da ba ta da wuri mai rauni. Idan wuta ta zo da ƙarfi, sai ta huda wurin, tartsatsi ya tsallaka. Da a ce ƙarfen mai kauri ne, da gefen biyu sun manne, abin ya mutu. Amma da yake siriri ne ƙwarai, wutar da ta taru a bakin hudar takan zafafa shi har ya zama tururi. Alminiyam yana tafasa ne a wajen digiri 2,500. Sai a sami da'irar leda tsirara kewaye da hudar, tartsatsi ya rasa hanya, ya mutu. Duk wannan bai kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Watau kamar yadda manomi ke share ciyawa kewaye da rumbu don kada gobarar daji ta iso shi.

Amma fa warkewar ba kyauta ba ce. Kowace huda tana cinye ɗan fili na ƙarfen, ƙarfin ajiyar caji kuwa ya dogara ga faɗin filin nan. Da muka ɗaga ledar a rana, sai ga ɗigo-ɗigo farare barkatai. A jikin tamu an rubuta maikurofarad 2.5, amma na'urar awo ta nuna 1.4 kacal.

Saboda haka, iyayenmu, in fankar gida ta yi sanyi, kada a yi gaggawar yar da ita, a fara duba kafasita. 'Yan'uwa kuma, kada ku taɓa ta da hannu, gama takan riƙe caji ko bayan an ɗauke wuta.