Ka tsinci tsohon ƙarfe a gona? Ga abin yi kafin ka wanke ko ka sayar

Daga sharar gona zuwa huɗar farko, ƙasar Kafur kan fito da abin da ta daɗe tana riƙe da shi. Garmar shanu ta juya laka, ruwan Agusta ya zaizaye gefen kwari, masu haƙar ƙasar bulo su nutsa, sai ga guntun ƙarfe: zobe da ya yi kore, rabin munduwa, tsinin kibiya, kwabo mai huji. Galibi ana jefar da shi a kan iyakar gona, ko a ba yara su kai wa 'yan gwangwan, ko a dirje shi da toka da lemun tsami don a ga ko zinariya ce. Duk ukun asara ne. Darajar irin wannan tsintuwa ba a nauyinta take ba, tana ga labarin da za ta iya bayarwa, kuma rabin labarin yana wurin da aka same ta.

Kada wani ya ce me za a samu a ƙauye. Wannan yanki da tarihi ya sani da Katsina Laka tsohon mazauni ne. Gozaki da ke cikin ƙaramar hukumar Kafur da Maska da ke kusa da Funtuwa garuruwa ne masu sarauta da kasuwa tun kafin jihadi, kuma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsu a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Gonaki da yawa da muke shuka masara da auduga a yau kufai ne: an zauna, an yi ƙira, an yi ciniki, an binne mutane. Wanda ke noma a kan kufai, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne mai tsaron abin da ke ƙarƙashinsa.

Fara da wurin, ba da abin ba

Da ka ga abu ya leƙo, dakata da fartanya. Ɗauki hotonsa da waya yadda yake kwance kafin ka ɗaga shi, sannan ka ja da baya ka ɗauki wani hoton da zai nuna wata alama da ba ta gusawa, kamar kuka, dutse ko tsohuwar rijiya. Idan wayarka tana nuna taswira, adana lambobin wurin. Idan ba ta nunawa, ƙirga taku daga alamar, ka rubuta ko gabas ne ko yamma. Auna zurfin: a sama yake, ko taƙi ɗaya, ko kamu guda?

Sai ka duba maƙwabtansa. Akwai tsingaro? Akwai gawayi, toka, ƙashi, wuri, duwatsun wuya, ko kashin maƙera? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masana ba kasafai suke iya gane shekarun ƙarfe daga jikinsa ba. Gawayi ko ƙashin da ke kwance tare da shi ake kaiwa ɗakin gwaji a fitar da shekaru. Ka raba ƙarfen da gawayinsa ba tare da ka rubuta komai ba, ka raba shi da shekarunsa ke nan.

Kada kuma ka faɗaɗa rami kana neman saura. Idan ka ga abubuwa da yawa a tare, ko ƙasusuwan mutum, rufe wurin da ƙasa ka bar shi. Kabari yana da alfarmarsa ko na wane zamani ne. Idan abin ya yi kama da harsashi ko wani makami mai fashewa, kada ka taɓa, kada yara su kusance shi, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda.

Gane irin ƙarfen

Maganaɗisun tsohuwar lasifika ya isa gwajin farko. Abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne. Shi kan fito a kumbure da jar tsatsa, har siffarsa ta ɓace. Kada ka ƙwanƙwasa shi a dutse, domin sau da yawa ƙarfen ciki ya riga ya cinye, tsatsar ce kaɗai ke riƙe da siffar. Masu gyaran kayan tarihi sukan ɗauki hotonsa da irin na'urar da ake duba karaya a asibiti, su ga wuƙa ce ko linzami ko ƙyastu ba tare da sun kankare komai ba.

Abin da ya yi kore, jan ƙarfe ne ko tagulla. Koren nan mai santsi da ƙarfi kariya ce, kuma a cikinsa zanen ado yake zaune. Wanda ya kankare shi ya kankare zanen. Amma idan ka ga wani kore mai haske yana fitowa gari-gari, ƙarfen yana ruɓewa ne, yana bukatar wuri busasshe da hannun masani da wuri.

Azurfa kan yi baƙi ko toka-toka. Dalma tana da nauyi fiye da girmanta, tana da taushi, kuma takan yi farin ɓawo. Ita guba ce, a nisanta ta da bakin yara, a wanke hannu bayan an taɓa. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa gargaɗi. Abu fari marar nauyi kuwa sanholo ne, kuma bai zo ƙasar nan ba sai zamanin Turawa.

Zinariya fa? Ita ba ta tsatsa, ba ta kore. Yadda ta shiga ƙasa haka take fitowa. Duk abin da sai an dirje shi kafin ya yi ruwan ɗorawa, tagulla ne. Saboda haka babu dalilin kawo toka, tsamiya, lemun tsami, yashi ko ruwan batir. Bar ƙasar jikinsa ta bushe, ka share sama-sama da busasshen burushi mai laushi, ka tsaya nan.

Tsoho ne ko sabo?

Yawancin abin da garma ke tonowa ba tsoho ba ne: noti, guntun sarƙar keke, haƙorin wata garmar. Alamun inji a bayyane suke: zaren noti, huji mai daidai ƙwarai, walda, lamba ko rubutun kamfani. Aikin hannu kuwa yana da sawun guduma, kaurinsa ba ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma ɓangarensa biyu ba sa yin daidai tsaf. Duba kuma ko ƙira ce ko zubi. Abin zubi yakan zo da 'yan ƙananan ramuka a jiki da ado wanda ya fito tare da shi, abin ƙira kuwa an buga shi ne an lanƙwasa, adonsa an zana daga baya. Idan ya karye, dubi bakin karayar. In launinsa ɗaya da sauran jikin, tsohuwar karaya ce. In yana ƙyalli, garmarka ce ta karya shi, ɗayan rabin yana nan kusa.

Kafin ka je ko'ina, nuna wa tsohon maƙeri, na baƙi ko na fari. Yakan gane matsefata, basilla, likkafa, ƙararrawar doki ko ƙarau daga ɗan guntu, har ya faɗa maka ko irin ƙirar garinku ce. Roƙonka ɗaya gare shi: kada ya sa wa abin zarto, kada ya kai shi wuta.

Tsabar kuɗi ta fi sauƙin ganewa. Anini da kwabo masu huji da tauraro na zamanin mulkin Ingila ne, an fara buga su a 1907, kuma suna ɗauke da shekara da sunan sarkin Ingila na lokacin. Nijeriya ta sami tsabarta a 1959, Naira da kwabo suka zo a 1973. Sai dai a yi hattara da liyari, babbar azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya. An ci gaba da buga shi shekaru aru-aru da shekarar 1780 a jikinsa, don haka wannan lamba ba ta nuna ranar da aka buga wanda ke hannunka.

Idan wani ya ce na Rumawa ne

Akan sami mai cewa tsabar da ka tsinta ta Daular Rum ce, musamman idan yana so ya saya ko ya sayar. Ga abin da aka tabbatar. Kayan Rumawa sun shigo cikin Sahara. An same su da yawa a Fezzan da ke kudancin Libiya, kuma a kabarin wata mata da ake kira Tin Hinan, wanda aka buɗe a 1925 a Abalesa cikin Aljeriya, an sami fitilar Rumawa da tambarin tsabar sarki Kustantin tare da mundayen zinariya da azurfa. Amma daga can zuwa Kafur tafiya ce mai nisa, kuma da'awa irin wannan sai da hujja mai ƙarfi. Tsabar Rumawa da guduma ake buga ta, bakinta ba ya zagaye daidai, tana da kan sarki da haruffan Latin kewaye da shi, kuma ba ta ɗauke da shekara cikin lambobi irin namu. Wadda ka ga an rubuta mata shekara da lambobi huɗu, ba tasu ba ce. Ko ta gaske ce, sai an san zurfin da ta fito da abin da ke kewaye da ita, domin wani matafiyi na iya kawo ta jiya-jiya.

Abin koyi daga masu tsintar kayan Rumawa shi ne tsari. A Ingila, tun 1997 akwai shirin da ke rubuta abin da talakawa suka tsinta a gonaki, tsaba da maɗaurin riga da zobba, kowanne da awonsa da hotonsa da wurinsa. Abin da aka rubuta ya haura miliyan ɗaya, kuma daga waɗannan ƙananan abubuwa aka gano garuruwa da hanyoyin da babu littafin da ya ambace su.

Mu ma muna da namu. A Durɓi ta Kusheyi cikin ƙaramar hukumar Mani, an tona kaburburan sarakuna a 1907, aka sake a 1992. An sami mundaye, tasoshin tagulla, wuri da kayan ado na zinariya, daga tsakanin ƙarni na 13 zuwa na 16, wasunsu daga ƙasashen gabas suka zo. A wani gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus, wanda ya shahara kan kayan Rumawa, aka gyara su. A Igbo-Ukwu kuwa, wani mutum ne yana haƙar ramin tara ruwa a gidansa ya ci karo da kayan tagulla da suka haura shekara dubu. Da ya kai su an narkar, da babu wanda ya san an yi irin wannan gwaninta a ƙasar nan.

Yadda za ka rubuta bayani

Samu littafin makaranta, ka ba kowane abu shafinsa. Rubuta rana, sunan gari da gona, zurfi, da abin da ke tare da shi. Sai irin ƙarfen da launinsa. Auna tsawo, faɗi da kauri da rular 'yan makaranta cikin milimita, nauyi kuma a sikelin masu sayar da zinariya. Bayyana siffa da ado daga wannan kai zuwa wancan, ka faɗi abin da idonka ya gani kafin abin da kake zato. Ga misalin yadda zai kasance: rabin munduwa, maganaɗisu bai kama ba, kore mai duhu, tsawo milimita 62, kauri 7, bakinta ɗaya dunƙulalle da layi uku a zagaye, ɗaya bakin tsohuwar karaya, an same ta a zurfin taƙi ɗaya tare da tsingaro. Duk masanin da ya karanta wannan ya sami abin kamawa, fiye da a ce masa an tsinci wani tsohon abu na mutanen da.

Hoto kuma a ɗauka a inuwa, a kan farar takarda, rula a gefe: gaba, baya da gefe. Hasken safe da ke zuwa a karkace ya fi fito da zane da rubutu. Daga nan ka naɗe kowane abu shi kaɗai a takarda mai tsabta, ka sa takardar bayaninsa, ka ajiye a wuri busasshe. Kada ka shafa mai, kada ka ɗaure shi a leda da danshinsa, kada ka haɗa baƙin ƙarfe da tagulla wuri guda.

Wa za a gaya wa

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta wajabta sanar da hukumar idan an tsinci kayan tarihi. Ta kuma hana cinikinsu ga wanda ba shi da izini da fitar da su waje, kuma kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da ta kare. Dalilin dokar a fili yake: gumakan yumɓu na Nok da Katsina da Sakkwato an kwashe su da yawa zuwa Turai ta hannun dillalai, har sai da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Wanda ya tona ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, garinsa kuma ya rasa tarihinsa.

Bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci da hakimi, domin a sami shaida kuma a kare gonarka daga masu tonon dare. Daga nan a kai hoto da bayani ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko Gidan Makama a Kano, ko Sashen Nazarin Kayan Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Idan ka miƙa abu, karɓi takardar shaida mai sa hannu, ka riƙe hotunanka. Idan za ka sa hoto a Facebook don neman sani, kada ka faɗi gonar. Malaman makaranta kuma su koya wa ɗalibai wannan tsari, tunda yara masu kiwo da masu kai abinci gona su suka fi kowa tsintuwa. Littafi ɗaya a kowace makaranta daga Masari zuwa Mahuta, in aka riƙe shi da gaskiya na 'yan shekaru, zai nuna inda kakanninmu suka zauna da abin da suka ƙera.