Darasi: Asirin Gida, Daga Kaka Zuwa Jika

A shekarar 1996 Rebecca Wells, 'yar jihar Luwiziyana a kudancin Amurka, ta wallafa ƙagaggen labari mai suna Divine Secrets of the Ya-Ya Sisterhood. Labarin mata uku ne 'yan gida ɗaya: kaka Buggy, 'yarta Vivi, da jikarta Sidda.

Sidda ta faɗa wa wata jarida cewa mahaifiyarta ta yi mata mugun duka tana ƙarama. Vivi ta fusata, ta yanke hulɗa da ita. Sidda kuwa ta ɗage aurenta, tana tsoron ba ta san yadda ake ƙauna ba. Sai aminan Vivi uku suka sa ta aika wa 'yar tata kundin tsofaffin hotuna da wasiƙu.

Daga kundin da bakin aminan, abin da aka binne ya fito. Buggy ta yi kishin 'yarta, ta tura ta makarantar kwana mai tsanani. Saurayin Vivi ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Dukan kuwa ya auku ne sa'ad da hankalinta ya taɓu, har aka kwantar da ita a asibiti, ba a kuwa gaya wa yaran ba.

Abin lura: sanin dalili bai mai da dukan daidai ba, amma ya buɗe ƙofar gafara, uwa da 'ya suka shirya. Raunin da uwa ta ɓoye, sau da yawa 'ya ce take gadonsa.

Tambaya don iyali: wane labari ne iyaye suke rufewa, wanda jinsa zai warkar da 'ya'yansu?