Ɗana, Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Kamfanin Waƙa

Ɗana, matso kusa mu yi magana a kan waƙar nan da ta shiga ranka, domin na san burinka wata rana wani babban kamfani ya ji muryarka, ya ɗauke ka daga nan Gomari ta Maiduguri zuwa Kano ko Legas. Buri ba laifi ba ne, amma ya kamata ka san yadda kamfanonin suke nema da abin da suke nema.

A da, sai yaro ya daɗe yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya buɗe baki da waƙar kansa. Yau masu farautar mawaƙa da waya suke aiki, suna bin Instagram da TikTok, suna duba wanda mutane ke sauraro da wanda ya dage yana fitar da aiki ba fashi. A Instagram Don Jazzy, wanda ya kafa kamfanin Mavin a 2012, ya ga Ayra Starr a ƙarshen 2019, amma bai fito da ita ba sai Janairun 2021, domin sai da aka ɗauki lokaci ana horar da ita a kan murya da rubutu da tsayuwa gaban jama'a. Haka kamfanin Chocolate City ya ɗauko M.I da Ice Prince daga Jos ya raine su. Saboda haka nisan Maiduguri ba zai hana a gan ka ba, ɗana. Abin da ke hana mutum shi ne a neme shi a tarar bai shirya ba, ko a tarar ba ya cika alƙawari, ba ya jin gyara, domin murya mai daɗi tana da yawa, amma kamfani yana zuba dukiyarsa ne inda ya ga hali.

Ranar da suka zo kuwa, ka riƙe zuciyarka. Kuɗin da za su fara ba ka, da na situdiyo da bidiyo da talla, galibi bashi ne da za a cire daga cinikin waƙoƙinka kafin ka ga riba. Ka tambaya shekara nawa ce yarjejeniyar, kasonka nawa, kuma wa zai mallaki waƙoƙin idan kun rabu. Misali, mawaƙi Kizz Daniel da kamfanin G-Worldwide sai da suka kai ga kotu a 2017, har ya sauya yadda ake rubuta sunansa. Saboda haka ka kai takardar wurin lauya, ka nuna wa mahaifinka, domin Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma mai nufin ka da alheri ba zai hana ka yin shawara ba.

Ka kuma tsare harshenka a cikin baiti, domin abin da ka rera yau 'ya'yanka za su ji shi gobe. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka ci halaliyarka.