Sauya Salansar Babur da Daidaita Kafireta

Masu babura da dama kan cire salansar da kamfani ya sa, su ɗaura wata mai faɗin baki ko su fasa cikinta, da nufin samun ƙara mai kauri da ƙarin gudu, amma kaɗan ne daga cikinsu ke sanin cewa wannan sauyi ya shafi kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin. Kamfani kan auna salansa da matatar iska da kafireta tare, domin fetur ya fi ƙonewa sarai idan nauyinsa kashi 1 ya haɗu da iska kimanin kashi 14.7. Idan aka buɗe wa hayaƙi hanya, injin kan ja iska fiye da yadda aka tsara, alhali ƙofofin da fetur ke bi suna nan yadda suke, sai mai ya yi kaɗan a cikin haɗin.

Illar wannan ta fi tsanani ga babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng, waɗanda iska ce kawai ke sanyaya injinsu, domin ƙarancin mai yana ƙara zafin ƙuna, kuma a zafin bazara, ga lodi, zafin kan iya ƙona bawul ko ya lalata fistin. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: babur ya riƙa shaƙewa idan an murɗa totur, salansa ta riƙa tas-tas idan an sake shi, wuyanta kusa da injin ya rine ya koma shuɗi. Fulogi ne babban mai shaida, domin bakinsa kan yi fari fat idan mai ya yi kaɗan, ya yi baƙi da kunkunniya idan ya yi yawa, launin ƙasa-ƙasa kuwa shi ake nema. Sai dai kafin a zargi kafireta ya kamata a duba gaskit ɗin da ke mahaɗar salansa da injin, saboda iskar da ke shiga ta nan ma tana haddasa wannan tas-tas ɗin.

Gyaran yana buƙatar sanin cewa aikin kafireta ya kasu gwargwadon buɗewar totur. Ƙaramin jet, wato ɗan ƙarfe mai huda da fetur ke bi, shi ke ciyar da injin daga sulo zuwa kusan rubu'in totur. Daga nan allurar kafireta ke karɓa har zuwa kashi uku cikin huɗu, sannan babban jet ya ɗauki ragowar. Saboda haka murɗa sukurun haɗin mai da iska kaɗai, wanda shi ne abin da aka fi yi a bakin titi, ba ya magance ƙarancin mai a kan gudu. Abin da ya dace shi ne bakanike ya wanke kafireta da matatar iska, ya sa babban jet mai lamba ɗaya sama da na asali, ya gwada babur a kan hanya da sabon fulogi, sannan ya duba launinsa. Idan shaƙewar a tsakiyar totur take, sai ya sauko da ɗan makullin allura gaɓa ɗaya, wanda hakan ke ɗaga allurar, mai ya ƙaru. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji.

Faɗaɗa hudar jet da waya ko allurar ɗinki ɓarna ce, domin hudar da ta wuce kima ba ta komawa, haka ma cire matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cin fistin da silinda. Wuri ma yana da tasiri, domin iskar Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ba ta kai ta Sakkwato kauri ba, don haka a daidaita babur a inda zai yi aiki. Ga injin mai cc 100 ko 125, ƙarin ƙarfin da sabuwar salansa ke bayarwa kaɗan ne ƙwarai, kuma mai faɗin da ya wuce kima takan rage masa ƙarfin tashi da hawan tudu, abin da ɗan acaɓa mai ɗaukar fasinja da kaya ya fi buƙata a kullum.