Tafasa Ko Rai-ɗore? Ga Yadda Nake Bambance Su

Ƴan'uwa ɗalibai, musamman ƴan sashen kimiyyar gwaje-gwaje da na aikin gona, da damina ta sauka za ku ga tafasa da rai-ɗore sun cika bayan hostel da bakin hanya. Dukkansu furensu rawaya ne, danginsu ɗaya da wake. Masana na kiran tafasa Senna obtusifolia, rai-ɗore kuma Senna occidentalis. A tsofaffin littattafai za ku tarar da su da sunan Cassia, don sai a 1982 Irwin da Barneby suka mayar da su Senna.

Ni dai ba na fara duba fure, don nan ne suka fi kama. Ga abubuwa huɗu da nake bi.

Na farko, ganye. Kowane ganyen tafasa yana da ƙananan ganyaye shida, uku a kowane gefe, kuma bakinsu a kewaye yake, ba tsini. Na rai-ɗore galibi takwas ne zuwa goma, masu tsini kamar mashi.

Na biyu, wani ɗan ƙullutu da ke jikin sandar ganyen. A tafasa yana tsakanin ƙananan ganyaye biyu na ƙasa. A rai-ɗore kuwa can gindin sandar yake, dab da inda ta haɗu da kara. Wannan alamar ce na fi dogara da ita idan tsiron bai yi ƴaƴa ba tukuna.

Na uku, kwanso. Na tafasa siriri ne, dogo, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore ya fi gajarta, a baje yake, gefensa kuma ya fi tsakiyarsa haske.

Na huɗu, murza ganyen ku sansana. Warin rai-ɗore ya fi hawa kai.

Kada ku ɗauka maki kawai ake nema a nan. Tafasa muna cin kwaɗonta, amma ɗanyun ƴaƴan rai-ɗore suna da dafi, suna lalata hanta da tsokar dabbar da ta ci su da yawa.

In za ku tsinko samfuri, ku haɗa da fure da kwanso, ku danne shi tsakanin tsofaffin jaridu, ku rubuta wuri da kwanan wata. Ganye ɗaya tal ba ya isa hujja a gaban malami.