Tambaya da Amsa: Wace Bindiga Zan Saya Don Tsaron Gidana?

Tambaya: Ina zaune a Houston ta jihar Texas da matata da yara uku, kuma aikin dare nake yi. Tun da ɓarayi suka fasa gidan maƙwabcinmu na rasa sukuni. Ina son in sayi ƙaramar bindiga, amma abokai sun ruɗa ni. Wannan ya ce Glock, wancan ya ce in ba mai babban harsashi ba ce ɓata kuɗi ne. Tsorona kada in saya, ranar buƙata ta cije. Yaya zan gane ta ƙwarai? Daga Habibu, Houston.

Amsa: Malam Habibu, Allah ya tsare ka da iyalinka. In na fahimce ka, abin da ke damunka shi ne yadda za ka amince da bindiga da harsashin da za ka ɗora tsaron gidanka a kansu. Ka kwantar da hankalinka. Wanda ya tsaya tambaya kafin ya fitar da kuɗi ya fi wanda ya ruga shago saboda firgicin dare ɗaya.

Mu fara da doka. Mai shaidar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin yana iya saye daga dillali mai lasisi, bayan ya cika fom an binciki tarihinsa, kuma sai ya kai shekara 21 in ƙaramar bindiga ce. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi, ban da 'yan togaciya kaɗan. Texas ta halatta yawo da bindiga ba lasisi tun Satumbar 2021, amma ni dai ina ba ka shawara ka shiga ajin lasisin, domin a nan ake koyar da lokacin da doka ta yarda a yi harbi da lokacin da zai kai mutum kurkuku. Masu karatu na gida kuwa su lura, wannan zance na Amurka ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa.

To, batun abokanka. Kowannensu gaskiyar hannunsa ya faɗa maka, kuma ba a auna takalmi da ƙafar wani. Glock, wadda sojojin Ostiriya suka fara karɓa a farkon shekarun 1980, ta yi suna wajen juriya, haka ma wasu ƙirar Smith & Wesson da CZ. Duk da haka akwai mai gajerun yatsu da ba ya kai wa kunamar wata da kyau, akwai wanda jan saman wata ke ba shi wuya. Wannan ba a gane shi a bidiyo.

Sa'ar da ka yi, a Houston akwai wuraren koyon harbi da ke ba da hayar bindiga. Ka je da malamin harbi, ka gwada iri uku ko huɗu a rana ɗaya. Ka lura da wadda ta zauna a tafinka, wadda saitinta ke komawa wurinsa da sauri bayan harbi. Kada ƙanƙanta ta ruɗe ka. 'Yar mitsitsiyar bindiga ta fi naushin hannu, ta fi wuyar saiti, tunda ba ta da nauyin da zai shanye bugun. Don ajiyar gida matsakaiciya ta fi. In uwargida za ta taɓa amfani da ita, a je da ita ta gwada da hannunta. Wasu sukan fi samun natsuwa da libarba, duk da yawanci harsashinta biyar ne ko shida.

Maganar girman harsashi tana da tarihi. Ranar 11 ga Afrilu 1986 a Miami, jami'an FBI sun yi musayar wuta da 'yan fashi biyu, aka kashe musu mutum biyu, biyar suka ji rauni. Bincike ya nuna wani harsashi mai milimita 9 ya sami ɗaya daga cikin 'yan fashin da wuri amma ya tsaya dab da zuciyarsa. Daga nan hukumar ta ƙirƙiro gwajinta, inda ake so harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 cikin daskararren jelatin, ta kuma koma ga manyan harsasai. Bayan kusan shekara 30 sai ta dawo kan milimita 9, saboda ƙirarsa ta inganta kuma jami'anta sun fi samun abin da suka saita da shi. A ganina wannan ya ishe ka amsa ga abokin naka. Ga shi kuma mai milimita 9 ya fi araha, za ka iya yawan atisaye.

Harsashin atisaye mai rufaffen kai ne. Na tsaro kuwa mai rami ne a baki, yana buɗewa in ya sami abu, don haka bai cika ratsa jiki ya wuce ba. Amma kada ka ɗauka bangon gidajen Amurka zai tare shi. Allo ne marar kauri, kuma ɗakin yara na iya zama a bayansa.

Yanzu ga tsoronka na cijewa, wanda tsoro ne mai dalili. Bindiga takan cije saboda lalataccen gidan harsashi, ko rashin mai, ko riƙon sako-sako, ko kuma harsashin da bai dace da ita ba. Sabuwa fil ma tana iya yi. Maganinsa gwaji ne. Malaman harbi da yawa sukan ce a harba 'yan ɗaruruwa na atisaye, sannan a bi da kwali ɗaya ko biyu na ainihin wanda za a ajiye a ciki, ta kowane gidan harsashi da ka mallaka. In ta cije, ka rubuta da wane gida ne, da wane harsashi. Sau da yawa za ka tarar laifin gida ɗaya ne, sai ka ware shi. In ta ci gaba, mayar wa kamfanin. Ka guji harsashin da wani ya sake cikawa a garejinsa, komai araharsa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa, tunda dare kake aiki kuma da yara a gida. Fiye da rabin masu mutuwa ta bindiga a Amurka kansu suka kashe, kuma yara kan tsinci ta iyayensu a ƙarƙashin matashi ko saman kabad. Ka sayi akwatin ƙarfe mai lambar sirri rana ɗaya da bindigar, ka kafe shi da ƙusa, ka koyi buɗe shi a cikin duhu. In akwai mai fama da ƙuncin rai a gidan, a dakata da sayen tukuna. Kafin nan ka ƙarfafa ƙofa, ka sa fitila mai kama motsi da kyamara a waje, ku kuma shirya da uwargida ɗakin da za ta tara yara ta kulle ta kira 911.