Idan kwamfuta ta ƙi ganin firintar 3D

Kafin ka zargi firintar, fara da kebul ɗin USB. Da yawa na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai: fitilar firinta za ta kama, kwamfuta kuwa ko gezau. Nemo gajere mai kauri, ka soka shi kai tsaye a jikin kwamfutar.

In Device Manager bai nuna ƙofar COM ba, direba ne babu. Firintoci da yawa na CH340 suke buƙata. Ya nuna amma haruffa na fitowa barkatai? Saurin sadarwar ne bai dace ba, gwada 115200, sannan 250000. Ka kuma rufe manhajar Cura kafin ka buɗe manhajar Pronterface, ƙofa ɗaya ba ta ɗaukar su biyu.

Dogon aiki kam, katin SD ya fi, don kwamfuta na iya yin barci ana tsakiyar bugu.